Muryar Tasha a Ajina

Shekarar da aka tura ni koyarwa Jiga Makera, ajina ya cika har bakin ƙofa, ni kuwa Allah bai hore mini murya ba. Na gaba su ji ni, na baya su ga bakina yana motsi kawai. A can baya akwai wani dogon yaro, in ya yi magana har ajin da ke kusa da mu sai an ji. Ba ya zagi, ba ya faɗa, shiru ne kawai ya gagare shi. Malamai sun yi bulala, sun yi kamun kunne, sun gaji. Rannan hedimasta ya faɗa mini a gaban yaron: "Wanga yaro, in na ƙara jin muryatai daga ohis, gida za shi, ba dawowa."

Abin ya ƙona mini rai, don yaron yana da kai, kuma na san in ya tafi ya tafi ke nan.

Ran Asabar na je tashar Jega zan hau motar Maiyama, sai na ji wata murya ta danne ta kowa: "Maiyama! Maiyama! Saura mutum guda!" Ko ban waiwaya ba na san mai ita. Ashe kawunsa yake taya kiran fasinja. Da ya hango ni ya laɓe bayan buhunan albasa. Na ce, "Hito, ɗan nema, na gane ka."

Ran Litinin na dawo da shi gaba, na tsayar da shi gefen allo.

"Duk abin da nic ce, kai ka maimaita shi har na baya su jiya."

Ya zaro ido. "Mallam, da ƙarhi?"

"Kamar kana tasha."

Wanda aka ɗora wa maimaita magana dole ya kasa kunne, to ina ya ga lokacin surutu? Na baya ma suka fara ɗaga hannu. Shi ya sa har gobe nake gaya wa sababbin malamai, kafin ka ɗauki bulala, ka gano inda yaro ya samo halin, sannan ka nema wa halin aikin yi.

Ba a jima ba muryar ta kai ofis. Sai ga hedimasta a bakin ƙofa, bulala a hannu. Ban tsaya ba, na gama lissafin da nake yi na ɗauki tsumma zan goge allo. Yaron ya tare ni.

"Mallam, dakata. Saura mutum guda."

Ya nuna wata 'yar ƙaramar yarinya a lungu da ba ta gama kwafa ba. Duk aji muka jira ta.

Hedimasta ya dube shi, ya dube ni, ya cusa bulalar a hammata.

"Kai, yaro, gobe ka ƙara ɗaga muryar. Ban jin lissahin da kyau daga ohis."