A Gaban Ɗan Farina Aka Tambaye Ni

Tun ina yarinya a Ngojin ake ce mini marar natsuwa. In ɗora tuwo in manta, a aike ni gishiri in dawo da kanwa. Duka na sha shi, rubutu na sha shi. A haka na riƙe gidana, ban roƙi kowa ba.

Da jinin al'adata ya fara wasa, wata ya zo wata ya ɓace, sai abin ya taɓa sallata. In yi kabbara, in rasa raka'a ta nawa nake. Wannan kam ban yarda ba. Na ce a kai ni asibiti.

Wa aka haɗa ni da shi? Ɗan farina, wanda ko sunansa ba na faɗa! Yana zaune gefena likita ya ce, "Mama, yaya al'adarki?"

A gabansa? Na sunkuyar da kai. Shi ya amsa: "Tsufa ne kawai, likita." Aka ba ni maganin barci.

Haushi ya hana ni haɗiyar ko ƙwaya ɗaya. Na koma asibitin ni kaɗai, na ce wa likitan, "Yaro, ajiye biron nan ka saurare ni." Na faro masa tun daga tuwon. Ya ce akwai waɗanda ake haifa hankalinsu ba ya tsayawa wuri ɗaya, ɗaukewar jini kuma na tsananta abin. Ya tura ni wurin likitan ƙwaƙwalwa a Damaturu.

Yanzu ina idar da sallata. Amma waɗanda suka dake ni duk sun rasu, wa zan je in gaya wa ba iskanci ba ne?