Sunan da ke Jikin Buhu

Shekara biyar ke nan da muka kai yayana, Malam Lawal, makwancinsa a Mairuwa. Allah ya jiƙansa. Na daɗe ina son yin rubutu a kansa, amma sai bana hankalina ya kwanta.

Malamin gona ne, a wannan aikin ya yi ritaya. Shi ya sa na yi dariya har da riƙe ciki ranar da ya ce wata ƙungiya ta ɗauke shi cikin masu ba da shawara kan karatun manya, irin wanda ake yi rabi a aji, rabi ta waya. Mutumin da sai an danna masa lamba kafin ya kira! Su uku ne: shi, da wata baiwar Allah tsohuwar ma'aikaciyar rediyo, da wani injiniyan kwamfuta. Babu malamin aji ko ɗaya a cikinsu, kuma ban ɓoye masa cewa ban ga alamar nasara ba.

Ashe kowa da halin sana'arsa ya zo. Ta rediyo ta dage darasi ya zama murya, gajere, don kada mai sauraro ya gaji. Injiniya ya matse darussan har suka shiga mimorin ƙaramar waya. Shi kuwa Yaya ya kawo abin da ya yi duk rayuwarsa: ba a raba wa gari duka sabon iri, manomi ɗaya ake ba, wanda gonarsa ke bakin hanya, kowa ya gani da idonsa. Haka ya sa kowane ƙauye, daga Daudawa har Yargoje, aka damƙa mimori a hannun ɗalibi guda. Da rani a taru a gidansa, da damina kowa ya saurara a gona.

Matarsa, Hajiya Binta, tana cikin ɗaliban farko. Ta fara gane baƙaƙe ke nan ciwo ya kwantar da shi. A gadon jinya ya ce mini, "Kada ka bari ta aje karatun nan." Wannan maganar ce ta yi ta cina. Ina zaune a Katsina, hanya ta lalace da rashin tsaro, aka katse layukan waya a yankinmu, mutanen ƙungiyar suka daina zuwa. Na ce shi ke nan, aji ya bi Malam. Abin da na iya kawai shi ne in lallaɓa duk kaka in rubuta sunanta a buhunan masararta kafin a kai kasuwa, kamar yadda yake yi mata. Ko tambayar karatun ban iya yi, don ina tsoron amsar.

Ban san mimori ba ruwansa da sabis ba. Mata suka riƙa miƙa shi gida zuwa gida, har da waɗanda suka yi gudun hijira daga ƙauyukan Sabuwa.

Da yau zai dawo ya ga sabbin masu ba da shawara da ƙungiyoyi ke ɗauka yanzu, da kwamfutocinsu, na san ba takardarsu zai tambaya ba. Zai ce, "Wace sana'a ka yi kafin wannan?" Sannan ya miƙa wa mutum wayarsa ya danna masa lamba.

Kakar bana na je da alƙalamina kamar kullum. Na durƙusa gaban buhun farko, sai Hajiya ta miƙo hannu.

"Kawo nan, ɗan birni. Kai rubutunka kamar kaza ta yi tonon ƙasa."

"Hajiya, mi za ki yi da shi?"

"Kau da kai ka gani."

Ta gyara zama, ta danne buhun da gwiwa, ta rubuta a hankali, harafi bayan harafi, ba ta tambaye ni komai ba. Na leƙa ina jiran in ga Binta, sai na ga Lawal.

"Gonatai ce," in ji ta. "Jawo mini na biyu."

Na jawo mata, ina ɓoye fuskata. Nauyin da na ɗauko tun daga bakin gadon nan, a tsakar gidan na sauke shi.