Wayar da Ta Wanke Malam Garba

Haɗejiya, ƙarfe biyar da rabi na asuba

Ina sallame sallar asuba na suri jakata, ko kunun da aka dama ban tsaya sha ba. Ba ziyara na fita ba. Na fita ne in je in karɓe makullin motata daga hannun Malam Garba, direban da ya shekara goma sha biyu yana yi mana tuƙi, tun mai gidana yana da rai.

Sana'ata bandar kifi. Ina saro shi a ƙauyukan bakin ruwa, bas ɗina ta kwaso kwalaye ta kawo Haɗejiya. To, tun ƙarshen damina motar ta tsiro da sabon hali: a murɗa makulli, ta yi ƙyat, ta yi shiru, sai an tura. Aka ce batir ne, na sayi sabo dal na ba Malam Garba. Kwana goma ta koma gidan jiya. Aka ce kik ne, wato abin nan da ke juya injin ya tashi, shi ma na sa aka canja. Yanzu ga ta kwana uku kafe cikin yashi a wani ƙauyen masunta bayan Baturiya, da kwali arba'in a cikinta, turi ya gagara. Ƙanena Sani ya ce, "Yaya, ke kaɗai ce ba ki waye ba. Sabon batirin ya sayar, ya maƙala miki tsoho." Maganar ta zauna mini daram. Har na yi wa wani direba magana ya zo gobe da safe.

Amma ban so in kori mutum ba shaida, shi ya sa na ɗauki Usaini mai gyaran wayarin, wanda rumfarsa ke bayan tasha. Na same shi yana jirana da wata tsohuwar jaka a kafaɗa. Na ce, "Usaini, aikinka ɗaya. Ka duba batirin, ka faɗa a gaban mutane tsoho ne." Ya ce, "Hajiya, zan faɗi abin da mita ta faɗa." Na ce a raina, ji mini ɗan nan da iyayi.

Hanyar Baturiya, ƙarfe shida da kwata

Motar Kirikasamma muka hau, mu huɗu a baya, ni ce a bakin ƙofa da buhun gishirin wani a kan ƙafata. A shingen bayan gari jami'i ya leƙo, ya ce, "Hajiya, ina kifinmu?" Na ce, "Yana can ya ƙi tahowa, shi za ni rarrasowa." Ya yi dariya ya ɗaga mana hannu. Hagu da dama shinkafa ta yi jawur, masu yanka sun riga rana fita, ga balbelu fari fat a bayan shanu. Ni kuwa ban ga kyan komai ba, ina ta shirya baƙaƙen maganganun da zan gaya wa Malam Garba.

Bakwai saura muka sauka inda masu babur ke jiran fasinjan ƙauye. Usaini ya sayi ƙosai na ɗari biyu ya miƙo mini, na ce na ƙoshi. Muka ɗauki babur biyu.

Mashigi, ƙarfe bakwai da rabi

Bayan Baturiya akwai wani mashigi inda hanya ke nutsewa cikin ruwa, ciyawar kacala ta rufe shi gefe da gefe. Yanzu kaka ce, ruwan ya janye zuwa gwiwa. Muka sauka, masu babur suka tura, ni na tattare zanena na ratsa. Da muka fita Usaini ya tsaya yana kallon wata goruba, inda ruwan damina ya bar zane a jikinta, kusan ƙugun mutum.

Ya ce, "Hajiya, motar ta nan take bi?"

Na ce, "To ta ina za ta bi? Zagaye awa ɗaya da rabi ne."

"Har da damina?"

"Kasuwa tana hutu da damina ne?"

Ya haye babur.

Ƙauyen masunta, ƙarfe takwas da minti ashirin

Tun daga nesa na hango motar a gindin tsamiya, an lulluɓe ta da taburma saboda rana. Hayaƙin banda ya cika gari. Malam Garba yana zaune a gefenta, idonsa ya faɗa, ashe nan yake kwana yana gadin kwalayena. Ya taso ya rusuna ya gaishe ni. Na amsa a daƙile.

Bulama, mai garin, ya iso da jama'arsa, aka shimfiɗa mini tabarma. Ko zama ban yi ba na buɗe baki. Allah ya yafe mini, a gaban Bulama da masunta da matan banda na ce, "Malam Garba, ina batirin da na saya? Shekara goma sha biyu kana cin tuwon gidana, da wannan za ka saka mini?"

Ya dube ni, ya dubi ƙasa. Ya ce, "Hajiya, shi ne a ciki. Allah ne shaidata." Sai ya sa hannu a aljihu ya miƙo mini makullin da hannu biyu. Na karɓa na ƙulle a bakin mayafina.

Usaini ya buɗe wurin batir, ya fito da mitarsa, 'yar akwati mai fuskar lambobi da wayoyi biyu masu tsini, ja da baƙi. Ya ɗora su a kawunan batirin. Ya ce, "Sha biyu da ɗigo shida. A cike yake. Amma wannan ba hujja ba ce, sai an murɗa. Hajiya, a ba shi makulli."

Na ce, "Kai ka murɗa mana."

"Hannuna biyu ne, duk suna riƙe da waya."

Haka na kwance bakin mayafi a gaban kowa na miƙa wa Malam Garba. Ya shiga ya murɗa. Ƙyat. Usaini ya kira ni in gani da idona. Lambar ta ɗan sauka kaɗan, ko sha ɗaya da rabi ba ta kai ƙasa ba. Ya ce, "Da mataccen batir ne, ana murɗawa za ki ga ta rufta ƙasa da goma. Wannan lafiyarsa ƙalau, ƙarfinsa ne ba ya isa inda aka aike shi."

Ni da taurin kai na ce, "To kik ɗin ne ya musanya."

Ya ce, "Mu bi a hankali. Kina da gonar rani?" Na ce ina da ita. Ya ce, "Idan injin ban-ruwa yana aiki amma ruwa bai isa kwami ba, injin za ki fasa? Tiyo za ki bi, ki ga inda yake yoyo. Kuma ba a ganin yoyo sai ruwa yana gudu. Haka wuta take. Zan sa tsini ɗaya a farkon waya, ɗaya a ƙarshenta, a murɗa makulli. Abin da mita ta nuna, shi ne ya zube a hanya. Lafiyayyar waya ba ta zubar da abin da ya wuce rabin ɗaya."

Ya fara da jar wayar da ta tashi daga batir zuwa kik. Ya kwanta cikin yashi, ya ce, "Malam Garba, murɗa." Ɗigo biyu. Ya ce wannan ta fita. Ya koma ɓangaren baƙi, hanyar da wuta ke bi ta dawo: tsini ɗaya a kan batir, ɗaya a jikin injin. "Murɗa." Mita ta nuna biyar da wani abu. Usaini ya yi fito. Wani masunci da bai san ko bihim ba ya ce, "An kama shi!" Aka kwashe da dariya, ban da ni da Malam Garba.

Daga nan ya riƙa matsar da tsinin gaɓa gaɓa, kowane wuri a murɗa. Kan batir ba laifi. Inda baƙar waya ta kama jikin mota ba laifi. Sai da ya zo kan wata gajeriyar waya mai kauri can ƙasa, wadda ta haɗa jikin mota da injin, nan lambar ta sake yin tsalle. Ya sa sifana ya kwanto ta ya ajiye mini a kan tabarma.

Na juya ta, na ce, "Wannan ai lafiyarta lau."

Ya ɗauki reza ya tsaga robar. Wani koren gari ya zubo kamar kuka. Silin tagullar duk sun rududduge, waɗanda suka rage ba su fi a ƙirga da yatsu ba. Ya ce, "Da haka kawai na gwada ta, ba a murɗa ba, mita cewa za ta yi hanya na nan. Sili ɗaya ya ishi fitila. Kik kuwa sai da hanya mai faɗi. Sabon batir ya yi ta cusawa da ƙarfinsa na 'yan kwanaki, sai wayar ta ƙarasa cinyewa."

Bulama ya ce, "Me ya ci ta haka?"

"Ruwa, ranka ya daɗe. Ya shiga cikin robar ya kwanta. Ba shiga ɗaya ko biyu ba."

Wayyo ni Ladi. Nan take na tuno wata Laraba tsakiyar damina, ina gidan gaba, mun zo mashigin nan ruwa yana toroƙo. Malam Garba ya taka birki ya ce, "Hajiya, mu zagaya, ruwan nan zai yi wa motar illa." Na ce masa, "Motarka ce? Shiga!" Kuma duk daminar haka na riƙa sa shi yi. Na ɗaga ido, ya san na tuna, na san ya sani, amma bawan Allahn nan bai ce uffan ba. Da ya yi magana ma da ya fi mini sauƙi. Laifi tudu ne, na taka nawa na hango na wani.

Usaini ya yanko sabuwar waya daga jakarsa, ya goge mazauninta da samfefa har ya yi ƙyalli, ya ɗaure tam. "Murɗa." Kafin ya rufe baki mota ta ɗauka. Matan banda suka rangaɗa guɗa. Ya sake gwadawa, asarar ta koma ɗigo ɗaya.

Na miƙe. Na ce, "Bulama, a gabanku na zubar wa mutumin nan da mutunci, a gabanku zan faɗa. Bai taɓa mini komai ba. Ni na kashe motata da bakina. Malam Garba, don Allah ka yafe ni." Ya ce, "Allah ya yafe mana baki ɗaya, Hajiya." Iyakar abin da ya faɗa ke nan, kuma bai dube ni ba.

Matar Bulama ta kawo burabisko da miyar tarwaɗa. Usaini ya ci har da suɗe kwano. Ni loma uku na iya.

Komawa, ƙarfe biyu da rabi

Bayan azahar samari suka shimfiɗa kaba a kan yashi, motar ta fita. Ina gaba, Usaini a tsakiya. Da muka iso mashigi Malam Garba ya tsaya cak, injin yana aiki, ya zuba wa ruwa ido.

Ya ce, "Hajiya, a shiga?"

Na ce, "Zagaya."

Usaini ya ce, "Yau ai ruwan iya gwiwa ne." Na ce, "Ko iya idon sawu ne, zagaya!" Na ga gefen bakin Malam Garba ya motsa, amma dariyar ba ta fito ba. Muka bi doguwar hanya ta cikin gonakin gero da aka girbe, ga rami ga tudu, bayana har yau yana tuna mini. A shinge jami'in nan na safe ya ce, "Kifi ya yarda ya taho?" Na ciro masa tarwaɗa biyu.

Gida, ƙarfe shida saura

Mun sauke Usaini a rumfarsa, na sallame shi, na roƙi ruɓaɓɓiyar wayar na sa a jakata. Na buga wa direban da na yi wa alkawari na ba shi haƙuri. Sani kuwa na ce ya zo, akwai tsarabar da zan nuna masa.

Aka sauke kwalaye a ƙofar gida. Malam Garba ya kashe mota, ya miƙo mini makulli. Na ɓoye hannuwana cikin mayafi, na ce, "Ba zan karɓa ba." Ya ɗan tsaya, sai ya ajiye shi a kan kujerar direba, ya ce, "A huta gajiya, Hajiya." Ya tafi a ƙasa. Ban kira shi ba, ba ni da bakin kiransa. Na ce wa mutanen gida kada wanda ya taɓa makullin nan.

Godiya ta tabbata ga Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya. Na gode wa Bulama da iyalinsa. Na gode wa Usaini, da na ɗauke shi ya yi mini shaidar zur ban sani ba, ya ƙi. Allah ya yi wa hannunsa albarka, shi da 'yar mitarsa.

Washegari ina kan sallaya, gari bai gama wayewa ba, na ji an buɗe ƙofar mota. Na kasa kunne. Murɗa ɗaya ta tashi. Sai na ji muryarsa daga zaure: "Salamu alaikum. A gaya wa Hajiya rana tana yi, kuma yau ta zagaye za mu bi."