Gaisuwar da Na Tsaya Yi

Shekara uku na yi ina bin malaman kwalejinmu a Yelwa da roƙo ɗaya: su ba ni minti goma a cikin lakcarsu. Ni ce mai kula da laburare, ɗaki biyu da fanka ɗaya mai rai. Abin da nake so su shigar cikin darasinsu bai wuce tambaya uku ba, ɗalibi ya saba yi wa duk labarin da ya iso masa: wa ya faɗa, yaushe, ta yaya ya sani. Wasu su ce to, daga nan shiru kamar an shuka dusa. Wasu su ce in kawo takarda daga sama. Ina da zuciya, amma a gabansu haɗiyewa nake yi, in koma in huce a kan littattafai.

Wanda ya fi ba ni wuya shi ne shugaban sashen kiwon lafiya, dattijo, abokin mahaifina. Baba nake ce masa. Kullum da dariya yake sallamata.

"Ke ɗiyata, in kin koya musu tambayar wa ya hwaɗi, gobe ni za su tsare da ita. Mi ya rage ga malanta?"

Ba mugu ba ne. Ɗalibansa kamar 'ya'yan cikinsa suke, kuma tun da aka kwashe yaran makarantar Birnin Yauri hankalinsa bai sake kwanciya ba. Kowa a garin haka yake, babur ya yi ƙara sai ka ga an waiwaya.

Wata ranar kasuwa da damina, da hantsi, saƙo ya shigo guruf ɗin waya na sashensa, inda nake saka musu sunayen littattafai. Hoton mutane ne a kan babura da bindigogi, da muryar wani yana cewa kwalejinmu suka nufa. Baba ne ya turo, ya ƙara da cewa kowa ya nemi gida.

Ina gani na gane hoton. Tsoho ne, ba ma a ƙasar Yauri aka ɗauke shi ba. Yana cikin misalan da na tara don darasin da aka hana ni yi. Na rubuta, "Baba, hoton nan tsoho ne." Na dubi kalmomin, na goge. Inna ba ta raine ni in ƙaryata babba a gaban yaransa ba. A wurinmu zuwa ake yi a durƙusa, a faɗa masa shi kaɗai, shi ya gyara da bakinsa.

A hanyar ofishinsa na haɗu da wata ɗalibarsa 'yar ajin ƙarshe, matar aure daga wani ƙauyen Ngaski da sai an bi ruwa. Na san ta sosai. Ita ce mai zama bakin tagar laburare tana karatu tana shayar da 'yarta. Ta ɗaure goyon tamau, takalminta a hannu.

"Anti, ba ki tahiya? Malam ya ce mu gudu."

Na ce ta ɗan dakata, wurin Malam za ni. Iyakar abin da na faɗa mata ke nan. In ce da ita ƙarya ne, ai na tsinka shi a gaban ɗalibarsa. Ta dube ni, ta dubi ƙofa, ta bi 'yan uwanta.

Ba ya ofis. Na same shi gindin dalbejiya tare da wasu dattawa daga Shanga, yana nuna musu hoton. Na durƙusa. Na gaishe su ɗaya bayan ɗaya, ya gida, ya iyali, ya ruwa, ya muka ji da wannan zamani. Sannan na koma gefe ina jira su tashi. Da na samu na nuna masa inda hoton ya fara fitowa, nan take ya rubuta a guruf cewa a dawo. Amma kwaleji ta riga ta watse.

Waɗanda gidajensu ke hayin ruwa bakin tashar jirgin ruwa suka nufa. Jirgin kasuwa ya riga ya cika da buhuna da babura, suka afka masa, mai jirgi na hanawa suna kuka suna cewa ga su nan tafe. Bai yi nisa ba ya daki kututturen da ruwa ya rufe, ya kife. Masunta sun tsamo yawancinsu da rai. Ita ɗalibar nan ta Ngaski sai washegari aka samu gawarta, goyon na nan a bayanta yadda ta ɗaure shi. Ko ɗan bindiga ɗaya bai zo ba.

Bayan sadakar bakwai Baba ya tako har laburare, karon farko tun da na kama aiki. Ya rame, hularsa ta yi masa yawa. Ya ce ba minti goma ba, in ɗauki lakcar duka. Yanzu da hannunsa yake rubuta tambayoyin nan uku a allo, ya ce wa ɗalibai su fara da shi. Sauran malamai sun bi sahu. Har barka ake yi mini, wai haƙurina ya yi rana, ni kuwa ba abin da na tsana kamar wannan barkar.

Ranar da ya zo ɗin, da zai fita ya juyo ya ce, "Allah shi yi miki albarka, ɗiyata. Kina ganewa kinka sheƙo, ni na makara."

Na ce amin.

Kowane zango ina tsayawa gaban sababbin ɗalibai, tagar nan a damana, in koya musu su tambayi kowa ta yaya ya sani, kuma yaushe. Sun iya, har ni suna tsarewa a kan littattafai. Har yau ba wanda ya tambaye ni ƙarfe nawa na gane hoton.