Shanun Huɗata da Ɗakin Kamfani

Mu biyar ne a ƙofar gida da safiyar da aka yanke abin da zai ja ɗakin. Akwai maigidana. Akwai ƙanensa, wanda bai daɗe da sayen akori-kura ba, yana jigilar mutane tsakanin Birnin Kudu da kasuwar Gwaram. Akwai direban taraktar ma'aikatar gona, da aka aika aka kirawo. Akwai Inna, mahaifiyarsu, a kan tabarmarta a bakin zaure. Sai ni, daga cikin zauren, da tsintsiya a hannu. Na riga na share wurin tun da asuba, amma daga nan ne ake jin magana.

Ban san lambar shekarar ba. Na dai san ita ce shekarar da aka gama zuba kwalta a hanyar da ta bi ta gefen ƙauyenmu, lokacin da kuɗin mai ya sa kowa yake ganin abin hannunsa ya yi masa kaɗan.

Maigidana ya yi wa kamfanin hanyar gadi tun daga farkon aikin har ƙarshensa. Da za su tashi sai suka bar masa ɗakin da injiniyansu yake kwana a ciki. Ɗaki ne na ƙarfe a kan taya huɗu, da ƙofa da taga, da gado a manne da bango. A gabansa akwai wani ƙarfe mai zobe a baki, inda mota take kamawa ta ja. Leburori suka turo shi har ƙofar gidanmu, yara suka yi ta leƙa shi har suka gaji.

Ba don ado yake son ɗakin ba, wannan zan faɗa masa ita. Muna da gona a daji ta wajen Zandam, kuma duk damina a can yake tarewa cikin bukka. Daminar da ta wuce ruwa ya kwana a kansa, aka kawo shi gida da ciwon haƙarƙari, ya yi ta tari har kaka. Shi ya sa yake so a kai ɗakin gonar kafin ruwa ya sauka, rafin da ke tsakani ya kawo.

Shanun huɗa biyu da ke gidan nawa ne, gadon mahaifina. Asalinmu masu shanu ne, ko da yake Fillanci ya bar bakinmu tun zamanin kakata. Akwai Farin, babba, wanda ya san kunya ya san layi, ko ba a riƙe igiya ba ba ya kaucewa. Akwai Jan, ƙarami, mai tsoro, da Farin yake koyi. Su ne suke huɗe gonar gida da ta daji, su huɗe ta maƙwabta a ba mu hatsi. Tuwon gidanmu na shekara a wuyansu yake.

Direban tarakta ne ya fara zagaya ɗakin. Ya harbi taya da ƙafa.

"Malam, wannan ai tarakta ba za ta ma san tana jan wani abu ba," in ji shi. "Amma sai bayan huɗa. Gonakin manya suna gaba."

"Bayan huɗa ai rafi ya cika."

"To, ba ni na tsara ba." Ya zauna ya jawo ƙwaryar furar da aka kawo masa. Ya gama nasa, amma bai tafi ba, kallo ya tsaya yi.

Sai ƙanen maigida ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashin ɗakin. Ya daɗe a durƙushe. Na ga ya kama wata baƙar roba da ke reto a gefen ƙarfen gaba, ya bi ta da hannu har inda ta yanke, ya juya bakinta ya duba, ya sake ta. Ya miƙe yana goge hannu a wando.

"Yaya, motata ba ta da ƙugiya a baya. In na ɗaura a bamba, bambar ce za ta zauna a nan, ni in wuce."

Inna ta ce, "Motar da ka cika mana kunne da ita? Ba kai ka ce ko giwa ce za ta ɗauka ba?"

"Ɗauka daban, ja daban, Inna." Ya yi dariya, ya nuna wajen turke da haɓa. "Ga shanun matarmu can suna cin harawa a banza. Tayar roba ce fa. Leburori ma da hannu suka turo shi."

Maigidana ya juyo ya fuskanci zaure. Tunda aka kawo ni gidan bai taɓa tambayata wani abu a gaban maza ba.

"Ke, kina ji?"

"Ina ji, Malam."

"Aron wuni ɗaya ne."

Na ce, "An raine su don garma ne, ba don gidan Bature ba. Kuma ruwa ya kusa."

Ƙanen ya tafa hannu. "Bafillatana! Wallahi da ke za a ɗora wa karkiyar, da kin fi saurin yarda."

"Da motarka za a ɗora wa, da na fi."

Direban tarakta ya ƙware da fura. Maigidana bai yi dariya ba. Inna ce ta ɗago kai ta dube ni.

"'Yar nan, mijinki ne zai kwana a ɗakin. Kin dai ga yadda aka kawo shi bara."

Gaskiyarta ce, don ni na yi jinyarsa. Na ce, "A ɗauka. Amma ƙafata ƙafarsu."

Ba a jira ba, don kada rana ta yi zafi. Ƙanen ya shiga motarsa ya tafi neman fasinja, ranar kasuwar Gwaram ce. Direban tarakta ya yi sallama. Maigidana ya ɗora wa shanun karkiya. Amalanke tana da dogon itace da ake ɗaurewa a karkiya, amma ƙarfen ɗakin gajere ne, bai kai ba. Sai ya ɗauko sarƙar garma, ya maƙala baki ɗaya a karkiya, ɗayan a zoben. Ƙarfen kuma ya ɗage shi da igiya ya ɗaure a jikin ɗakin don kada ya riƙa tonon hanya, ya zama a miƙe, yana kallon bayan shanun.

Haka muka saba ɗaura garma. Ita garma, in sa ya tsaya ta tsaya, ƙasa ce take riƙe ta. Ni duk tsorona a kan nauyi yake, kada wuyansu ya saɓule ana gab da huɗa. Na tsaya na ga yadda suka ɗauki jan farko. Ko nishi ba su yi ba. Ɗakin ya biyo su kamar ɗan akuya.

Na ɗora gorar ruwa da fura a ka, na bi su a baya. Muka sauka daga kwalta muka kama hanyar daji. Mutane suna barin sharar gona suna zuwa kallo. Maigidana yana gaba riƙe da igiyar hanci, yana yi wa Farin kirari. Rabon da in gan shi haka tun kafin ciwonsa.

Ya waiwayo ya ce, "Ki shiga ciki mana, ki ga yadda matan injiniya suke tafiya."

"Nauyin da suke ja ya ishe su."

Wajen azahar muka kai rafin. Babu ruwa a ciki, sai yashi. Hanyar tana gangarawa ta tsakanin gaɓa biyu, inda amalanke ta saba bi. Maigidana ya tsaya ya dubi gangaren. Ya shiga gaban shanun, ya juyo yana fuskantarsu, ya riƙa ja da baya a hankali yana ce musu, "Sannu, sannu."

Suka bi umarni, suka rage tafiya. Na ga sarƙar ta yi sako-sako, ta taɓa ƙasa, tana ƙara a kan tsakuwa. Shanun suna tafiya a hankali, ɗakin kuwa bai rage komai ba. Na yar da gorar na kama wani ƙarfe a bayansa, ya fizge ni na faɗi a kan gwiwa.

Jan ya ji abu a bayansa, ya zabura gefe, karkiyar ta murɗe. Farin bai kauce ba. Bai taɓa barin layi ba, ranar ma bai bari ba. Ƙarfen gaba ya same shi a ƙafar baya, ya durƙushe, tayar ta hau ta wuce. Na ji ƙarar kamar an karya itacen girki a gwiwa. Ɗakin ya ƙarasa cikin yashi ya karkace, ya tsaya.

Da na iso, maigidana ya riga ya kwance Jan. Farin yana kwance da gefe. Ƙafafun bayansa biyu sun juya ta inda ƙafa ba ta juyawa, ƙashi ya fito fari. Bai yi kuka ba, numfashi kawai yake yi yana hura yashi. Ya yunƙura zai tashi da ƙafafun gaba, ya koma. Ya sake yunƙurawa.

Na koma na ɗauko gorar, ragowar ruwan na zuba a tafina na kai bakinsa. Bai sha ba. Masu sharar gona suka taru a kan gaɓa. Wani dattijo a cikinsu ya sauko ya taɓa ƙafar, ya girgiza kai.

Maigidana ya zare wuƙarsa, ya tsaya da ita a hannu.

"Ke... naki ne."

"Na san nawa ne."

"Sai kin ce."

Na ce, "Yanka, kada ya zama mushe."

Mutanen suka juya shi alƙibla. Ni na ja Jan na hau da shi gaɓa, na rungume kansa na juyar da shi baya, don kada ya gani. Amma ya ji ƙanshin jinin. Ya yi ta fizga har igiyar ta yanke mini tafi.

Aka tura wani mai keke Gwaram. Bayan la'asar ƙanen maigida ya iso da mahauta a bayan motarsa. Ya sauko ya zagaya ɗakin, ya yi salati, ya dafa kafaɗar yayansa.

"Ai dole ya kwaso gudu. Abin nan ba shi da birki na kansa, daga jikin mota yake samu. Robar ma a yanke take."

Ina zaune a gindin wata marke. Na ce, "Yaushe ka ga robar?"

Ya waiwayo. Mahautan suka dakata da fiɗa.

"Da safe na ga ka riƙe ta," na ce. "Ka juya bakinta ka duba."

"Yaya, ni na zaci a hankali za a bi..."

Bai taɓa ce mini Yaya ba sai ranar. Na jira maigidana ya yi magana. Ya dubi ƙanensa, ya daɗe yana dubansa. Sannan ya juya ga mahautan ya ce, "A loda naman."

Da magariba muka isa gida, ina jan Jan, shi yana ɗauke da karkiya a kafaɗa. An aiko da kai da ƙafafu da hanta, wai rabon gida. Na ba maƙwabta. Ban ɗora tukunya ba. Ta gabas ana walƙiya.

Inna ta kira ni ɗakinta. "Ƙaddara ce, 'yar nan."

"Ƙaddara ce, Inna. Amma an ga robar."

"Ɗan'uwansa ne. Kada ki shiga tsakaninsu."

"Ban shiga ba. Shanuna aka shigar."

Ta jawo carbinta. Da na fito, maigidana yana tsaye a turke wajen Jan, yana shafa wuyansa. Ya yi magana ba tare da ya dube ni ba.

"Ɗakin nan ba zai kwana biyu a rafi ba. In ruwa ya zo zai tafi da shi. Gobe zan aro sa ɗaya a wajen maƙwabci, a haɗa da wannan, a fitar da shi ta ɗaya gaɓar. Hawa ne yanzu, ba gangara ba."

Na ce, "In sarƙar ta ɓalle a tsakiyar hawan fa? Ko ya rinjaye su ya koma da baya?"

"Za a sa duwatsu."

Wannan karon bai tambaye ni ba, faɗa mini ya yi. Sa ɗaya ya rage mini a duniya, shi ma ko harawa ya ƙi ci.

Washegari, da na idar da sallar asuba, na ɗaure zanena na kwance Jan daga turke. Na biyo ta zaure. Maigidana ya dawo daga masallaci, muka haɗu a ƙofa.

"Ina za ki da shi?"

"Wajen yayana, Zandam. Yana da sa mara abokin karkiya. Za a haɗa su. Su huɗe tasa, sannan su huɗe tamu in lokaci bai ƙure ba."

"Wa kika tambaya?"

"Nawa ne, Malam. Jiya kai ka faɗa."

Ya tsaya a bakin ƙofar kamar ba zai matsa ba. Inna tana kan tabarmarta da carbi, ba ta ɗago ba.

"Ɗakin fa?"

"Akwai mai mota a gidan nan."

Ya matsa. Na ja Jan muka fita, muka sauka daga kwalta muka kama hanyar daji. Da muka kusa rafin ya kafe, ya ƙi gaba, yana hura hanci. Daga kan gaɓa ina hangen rufin ɗakin, da ungulaye a kan yashi. Ban matsa masa ba. Na juya da shi muka bi gefen rafin ta arewa, ta cikin ƙaya, har muka sami inda gaɓar ta kwanta, muka haye.