Gwangwani Ɗaya, Daga Durun Har Gwarzo

Bari in faɗi gaskiya tun kafin taubashina ya riga ni, don na san yana can majalisa yana yawo da labarin yana ƙara masa gishiri. Wautar tawa ce, ba wanda ya aike ni. Bakina ne ya yi alkawari, ƙugu da gwiwa suka biya.

Ga yadda abin ya faro. Hajiya, uwar 'ya'yana, ta dawo daga asibiti a Kano bayan an yi mata aiki a ciki. An haɗo ta da magunguna waɗanda aka ce ba a shan su sai an ci abinci, ita kuwa abincin ne ya gagara. A kawo tuwo ta kau da kai, a dama kunu ta kurɓa ta ture. Kullum sai ramewa take, har zoben da ya shekara da shekaru ba ya fita daga yatsanta ya fara faɗuwa da kansa. Rannan ina zaune a bakin gadonta ina yi mata faɗan rashin cin abinci, sai ta ce abu ɗaya ne ya zauna a cikinta tun da aka kwantar da ita. Wani burodi ne da 'yarmu ta sayo mata a irin shagunan nan na birni da ake bin layi a miƙo maka abinci a takarda. Wai sanwic, da wani kifin gwangwani a ciki da ake ce wa tuna.

Na ce, "Burodi da kifi? Ciwon ke nan? Ni da na ƙarar da ƙuruciyata ina sayar da shayi a bakin tasha, burodin da na yanka ya fi gashin kanki yawa. Gobe war haka kina cinsa."

Ta dube ni ta ce, "To, Malam."

Ban tambaye ta komai ba, na tashi na fita ina jan carbi kamar wanda ya gama aiki.

Mun tashi da asuba daga ƙauyenmu na yankin Durun, ni da taubashin nawa a kan babur ɗinsa. Wannan babur, in da mutum ne da tuni an daina bari ya fita shi kaɗai. Damina ta zauna sosai, dawa da masara sun rufe hanya dama da hagu har ganye na marin fuska, ga sanyin safiya mai daɗi. Amma hanyar kanta ta zama kunu. Duk inda aka ga kududdufi sai ya ce in sauka in taka, wai nauyina ne ke kashe masa inji. Ni da iska in ta yi ƙarfi sai na riƙe bishiya. A wani kwalbati da ruwa ya cinye gefensa, takalmina ɗaya ya maƙale a taɓo, na tsaya da ƙafa ɗaya kamar zalɓe, shi kuma yana can tsallake yana gaisawa da masu zuwa gona, gaisuwa mai tsawo, har da tambayar lafiyar shanu.

Mun shiga Kabo hantsi ya fara ɗagawa. Muka tsaya wajen wata mai koko da ƙosai a gefen titi. Kokon ya ji kayan yaji, ƙosan kuwa an ƙanƙance shi, irin wanda in ka ɗauka sai ka duba yatsunka ka tabbatar ka ɗauka. Taubashina ya ci nasa ya ci rabin nawa, ya ce ai bawa ne ke ciyar da ubangidansa. Na bar shi, don shi ke riƙe da kan babur.

Daga nan muka shiga bin shaguna. Shagon farko na ce kifin tuna nake nema, mai shagon ya ɗauko min sadin. Na ce ba shi ba. Ya ɗauko wani mai jar miya a ciki. Na ce ba shi ba. Ya ce, "Baba, kifi ai kifi ne, in ya shiga burodi wa zai tambaye shi sunansa?" Har ga Allah maganarsa ta zauna min, saura kaɗan in karɓa mu juya. Sai fuskar Hajiya ta faɗo min. Macen da take gane an canja mata mai niƙa daga ɗanɗanon tuwo, ita zan kai wa sadin in ce tuna ne? Na mayar masa.

Wani ya tura mu wajen mai suyar kifi a bayan tasha, shi kuma ya ce duk kifin da ya sani ga shi nan a faranti, in zaɓa. Wani dattijo da ke zaune kan benci ya tambaye ni ko magani aka rubuta min shi. Na ce kusan haka ne. Ya ce to in nufi Gwarzo, can akwai manyan kantuna saboda ma'aikata. Taubashina ya buɗe tanki ya leƙa, ya dube ni, ya sake leƙawa. Na gane karatun. Muka tsaya wajen masu mai a kwalba, na sa hannu a aljihu raina na suya.

Da muka hau kwalta sai babur ɗin ya tuna ƙuruciya, ya riƙa gudu yana tari. Hanyar Gwarzo a cike take da motocin kaya da masu baburan da suka ɗaure awaki a baya. Mun wuce wata mota da aka loda wa buhunan taki har ta durƙusa kamar raƙumi, fasinjoji a kan buhunan suna cin gasasshiyar masara hankali kwance. Gonaki kore shar har iya ganinka. Da ba don abin da ke raina ba, da na ce tafiyar ta yi daɗi.

A Gwarzo ma sai da muka sha zagaye kafin wani mai sayar da takalma ya nuna mana wani kanti mai ƙofar gilashi. Na tsaya na karkaɗe taɓon wandona, abin da ya karkaɗu, na shiga da sallama. Sanyi ya buge ni kamar na shiga randa. Wata yarinya mai hankali ce ke kula da wurin, ta gaishe ni har da rusunawa. Ina faɗin sunan kifin ta miƙa hannu can saman kanta ta sauko da shi, ta ce shi kaɗai ya rage.

Jama'a, gwangwanin bai fi na man goge takalmi ba. Da ta faɗi kuɗinsa na ɗauka na katan take nufi. Abin da zai saya maka budurwar kaza da ranta, ga shi a tafin hannuna ko motsi ba ya yi. Na nemi ragi, ta nuna min takardar da aka manna a jiki, ta ce nan ba a ciniki. Kantin da ba a ciniki ai ba kasuwa ba ce, kotu ce. Na biya. Ta ce sai da mayonis, wani farin abu a kwalba mai kama da man shafawa, da burodi mai yanka-yanka. Na biya su ma.

Tana sa min a leda ta ce, "Baba, ka san yadda ake haɗawa ko?"

Na ce, "'Yata, ina haɗa burodi tun babanki na yawo ba wando."

Ta yi dariya ta ce Allah ya ba da lafiya. Da na yi shiru na minti ɗaya a wurin nan, da labarin nan bai kai haka tsawo ba.

Latas kuwa, ganyen da yarinyar ta ce ana sa wa a ciki, babu shi ko na magani. Masu kayan miya suka yi ta yi min dariya, wai wa ke neman latas da damina, sai in jira lambun rani. Na haƙura da kabeji da kokwamba. Muka ci gurasa da ƙuli a wata rumfa, ta yi daɗi ƙwarai, ita kaɗai ce abin da ban yi da-na-sanin sayensa ba ranar.

A hanyar dawowa hadari ya taso daga gabas. Mun wuce Kabo da kaɗan ruwa ya sauko, muka fake a zauren wasu bayin Allah da ba su san mu ba, suka shimfiɗa mana tabarma har da kawo fura. Don kada burodin ya jiƙe, taubashina ya ce a cusa shi a ƙarƙashin rigata ta baya. Dabara ce mai kyau, sai dai ba wanda ya tuna da ramukan hanya. Duk ramin da muka faɗa sai in koma baya in danne shi da ƙarfen babur. Da muka iso gida bayan la'asar na zaro shi, ya zama gurasa.

Ban ko zauna ba na nufi madafi. Matar ɗana, wadda ita ke girkin gidan, tana ganin na sunkuyo ta saki muciya ta ja mayafi ta shige ɗakinta. Kun san kunyar suruki. Yarinyar nan ta yi makaranta a birni, daga baya na ji cewa ta san abin nan sarai. Amma ina za ta iya buɗe baki ta ce wa uban mijinta ba haka ake yi ba?

Na buɗe gwangwani. Kifin fari fat, a jiƙe, ba alamar ya taɓa ganin wuta. Na ce wannan ɗanye ne, ba zan ba mara lafiya ɗanyen kifi ba. Duk mai shayin da ya san aikinsa ya san abin da za a sa a burodi sai ya bi ta kasko. Na ɗora kasko, na zuba man gyaɗa, na yanka albasa da attaruhu, na juye kifin gaba ɗaya. Ya yi ƙara mai daɗi, na ji ƙuruciya ta dawo. Sai na kawo mayonis ɗin nan na kwarara a kai, a zuwan kamar ƙwai ne zai kama jikinsa.

Bai kama ba. Ya tsinke ya zama mai, wani fari-fari na yawo a sama kamar nonon da ya lalace. Kifin ya narke ya bi shi. Hayaƙin ɗanyen itace ya cika madafi, attaruhu ya shiga maƙogwarona, ina tari ina juyawa. Na ɗaga kai na ga matan maƙwabta sun jeru a kan katanga, wai sun zo duba jikin Hajiya. Daga bayan labule na ji muryar matar ɗana ƙasa-ƙasa: "Sannu da aiki, Baba." Ita ke nan gudummawarta.

Haka na ɗebo abin na shafa a burodin da ya zama gurasa, man na bin gwiwar hannuna, na kai ɗaki. Tun daga bakin ƙofa Hajiya ta toshe hanci da gefen zane. Ashe tun da aka yi mata aikin, ƙaurin suya ne abin da ya fi tayar mata da zuciya. Wancan na Kano ya zauna mata ne don ba mai, ba yaji, ba wuta, da sanyinsa ake ci.

Na fita da farantin na dire wa taubashina a zaure. Ya cinye tas, ya ce gishiri ya yi kaɗan.

Na dawo na zauna a bakin gado. Gwangwanin ɗaya ne, shi kaɗai ya rage a kantin, ga magariba ta kawo kai, ga maganin yamma yana jiran abinci. A nan ne dai girman kai ya sauka. Na ce, "Hajiya, wai yaya abin nan yake ne?"

Ta ce, "Jawo min jakar can ta ƙarƙashin gado."

Na jawo. A ƙarƙashin zannuwan da ta dawo da su daga asibiti, ga gwangwanayen kifin nan a jere, irinsa sak. 'Yarmu ce ta sa mata ranar da aka sallame su.

Na ɗauko ɗaya na buɗe. Tana kwance tana ba da umarni ina bi kamar sabon yaron shago. A tsiyaye ruwan. A farfasa kifin da cokali. Mayonis kaɗan, ba kamar mai zuba wa shanu dusa ba. Kokwamba siriri. Na ce, "Wutar fa?" Ta ce ba wuta. Na ce ko ɗan ɗumi? Ta ce, "Malam." Na haƙura. Na zaɓo yanka biyu da suka fi sauran kama da burodi na haɗa.

Ta gutsura ta daɗe tana taunawa. Ta ce bai kai na Kano ba. Ta sake gutsura. Sai da ta ci fiye da rabi, ta nemi ruwa ta sha maganinta. Tun daga ranar kullum ni ke haɗa mata da yamma, kuma ta fara karɓar kunu da ɗan tuwo, alhamdulillahi.

Abin da tafiyar nan ta koya min ba shi da yawa. Kada ka nemi latas da damina. Kada ka ba taubashi ajiyar burodi ko shawararsa. Ba duk abin da ya shiga hannun mai shayi ne ke son kasko ba. Sannan kafin ka hau babur ka tafi tambayar mutanen Kabo da na Gwarzo, fara tambayar wanda ke kwance a ɗakinka.

Sai dai abin ya tsaya min a rai. Washegari ina kankare busasshen taɓo daga takalmina a ƙofar ɗakinta, na kasa haƙuri na ce, "Yanzu fisabilillahi, kina da abin nan a ƙarƙashin gado kika bar ni na tafi har Gwarzo a wannan ruwan?"

Ta gyara kwanciya ta ce, "Tun ina yarinya nake tashi da asuba saboda cikinka, Malam. Na ce bari in gani ko kai ma za ka tashi sau ɗaya saboda nawa."

Na ci gaba da kankare takalmina.