Amsar Wasiƙar Da Aka Ɗinke A Laya

Litinin: Katsina zuwa Jidda

Ƙarfe biyar da minti goma na asuba na fito daga gida. Kayana jaka ɗaya ce, sai rikodar da nake aikin rediyo da ita, sai wata tsohuwar ambulan a aljihun ƙirjina. Inna, mahaifiyata, ta rako ni har zaure. "In ya ce bai san mu ba, kada ka roƙe shi," in ji ta. "Ka dai kunna masa muryata, ka dawo."

Ga dalilin tafiyar. Kakana, Idi Mai Tandu, ya bar ƙauyensu a ƙasar Damagaram ya nufi Makka a ƙafa, Inna tana goye. Bai dawo ba. Bayan shekara biyu masinja ya kawo wa kakata ambulan cike da hatiman Turawa. Tsoron takardar hukuma ya hana ta buɗewa, kuma da aka ce daga hanyar Makka ta fito, sai ta ga tana da albarka. Ta ninke ta, ta kai wa baduku ya ɗinke a fata, ta rataya wa 'yarta. Daga baya suka koma Katsina da zama, Inna ta tashi ana yi mata gorin ubanta ya tafi bai waiwayo ba, alhali wasiƙarsa tana wuyanta. Sai bara, da fatar ta ruɓe aka kai a sake ta, muka ga abin da ke ciki. Da ajami ya rubuta. Yana tambayar ko jaririyar ta fara tafiya, yana roƙon a aika masa amsa Jidda.

Na ba da labarin a shirinmu. Bayan mako uku wani mai sauraro, Lawali, direba a Riyad, ya aiko saƙo cewa ya san wani dattijo haifaffen Jidda, mai suna Usman, wanda ake yi wa ubansa laƙabi da Mai Tandu.

Mun bar tasha ƙarfe shida saura kwata. Kano kilomita ɗari da saba'in ce da 'yan kai, shinge biyu muka wuce. Direban ya ji inda za ni ya ce, "Alhaji, ba Umara ba, ba fatauci ba, to me za ka kai?" Na ce wasiƙa. Ya ce, "Ai da ka ba ni na sa a motar Makka." Jirgi ya tashi ƙarfe ɗaya da minti ashirin, muka sauka Jidda takwas saura minti goma, agogon can. Na kwana a wani ƙaramin masauki.

Talata: Jidda zuwa Riyad

Bayan sallar asuba na sa mai tasi ya bi da ni ta bakin teku. Na tsaya minti goma ina kallon jiragen ruwa daga nesa, na fito da ambulan. Kan sarkinta na Sudan ne, mai hoton mutum a kan raƙumi. A bayanta hatimi biyar: Bur Sudan, Marsai, Ikko, Kano, Damagaram.

Kafin tafiyata wani tsohon ma'aikacin gidan waya a Kano, Malam Garba, ya karanta mini su. Ya ce kakana ya jefa ta a ƙasar da ke hannun Ingilishi, jirgin ruwa ya kai ta tashar Faransawa, wani jirgin ya zagayo da ita Ikko, jirgin ƙasa ya hauro da ita Kano, aka sake miƙa ta ga Faransawa a kan iyaka. "Turawan nan ba su ga-maciji da juna," in ji shi, "amma sun yi yarjejeniya a kan buhun wasiƙa. Wanda ya karɓa ya sa hannu, wanda ya miƙa ya sa hannu. Kuma kada ka manta, daga Ikko zuwa ƙauyenku kawunan mutanenmu ne suka ɗauko buhun."

Ƙarfe goma da rabi jirginmu ya tashi, sha biyu muka sauka Riyad. Lawali na jirana da farar motar kamfaninsu. Muka ratsa unguwar Ulaya, yana nuna mini dogayen benaye kamar shi ya gina su, har Birnin Masana'antu na Biyu inda yake kwana, tafiyar fiye da kilomita sittin. Direbobi huɗu ne a ɗakin, suka ba ni gado mafi kusa da na'urar sanyi, muka ci shinkafar kabsa da kaza a faranti ɗaya.

Lawali ya ja mini kunne. "Malam, tsohon nan yana da wuyar sha'ani. Mutanenmu sun dame shi, kowa ya ce ɗan'uwansa ne don ya zama kafilinsa, ya tsaya masa a wurin hukuma. Ya ce minti goma zai ba ka, khalas, babu ƙari."

Laraba: Nasiriya

Ƙarfe huɗu da kwata, bayan la'asar, muka shiga ɗakin baƙin dattijo Usman a unguwar Nasiriya, nan Riyad. Dogo ne, mai farin gemu. Goshin Inna ne a fuskarsa. Ya zuba mana gahawa da kansa, ya turo dabino. Hausarsa tsohuwa ce, Larabci ya shiga cikinta.

"Marhaban. Kai ne na bakwai da ya zo mini da zumunci. Iƙama kake so, takardar zama, ko aiki?"

"Ranka ya daɗe, jibi zan koma. Amsar wasiƙa na kawo."

Na ajiye ambulan a kan tabarmar. Ya sa gilashi, ya juya ta, ya daɗe a kan wata 'yar takarda da aka manna a gefe, mai lamba 417. Ya tashi ya shige cikin gida. Lawali ya raɗa mini, "Shi ke nan, zai kira mana 'yan sanda."

Da gafaka ya dawo, tsohuwar jakar Alƙur'ani. Daga cikinta ya zaro wani rasidi da ya yi ja saboda tsufa, ya ajiye kusa da ambulan. Rasidin rajista ne na gidan wayar Bur Sudan. Lambarsa 417.

"Baba ya ajiye wannan har ya rasu," in ji shi. "Ina yaro, duk ranar da jirgin ruwa ya yi kuka sai ya ja hannuna mu je tambaya. Da ya gaji, sai ya ce ko dai Nasara sun zubar masa da ita a teku, ko kuwa mutanen gida sun yafe shi. Na biyun ne ya hana shi komawa."

Na karanta masa hatiman ɗaya bayan ɗaya, na gaya masa labarin layar. Sai ya fashe da dariya, hawaye na bin gemunsa. "Ya Allah! Gwamnati biyu sun riƙe amana, teku ya riƙe amana, baduku ne ya tsare wasiƙar!"

Na kunna rikoda. Muryar Inna ta fito: "Baba ya tambaya ko na fara tafiya. A gaya wa ɗansa na fara, har na gaji, yanzu da sanda nake yi. Ba mu yafe shi ba. Yana wuyana duk tsawon lokacin."

Sau uku ya sa na maimaita. Na ce, "Ranka ya daɗe, ko za ka ba ta amsa?"

"Wane ne ranka ya daɗe? Kawu za ka ce, mara kunya. Miƙo abin."

Minti goman nan ya kai mu sallar magariba. Lawali ya ci rabin dabinon.

Asabar: Gida

Na bar Riyad ranar Juma'a da hantsi, na kwana Kano, na iso Katsina Asabar ƙarfe goma sha ɗaya da minti biyar. Kawu ya ba ni rasidin, ya ce wurinsa yana kusa da ambulan. Inna ta saurari muryarsa a tsakar gida, ta sa aka kira maƙwabta, har da waɗanda iyayensu suka yi mata gori. Da ya ce "Yaya," ta gyara zama, ta dubi kowa ɗaya bayan ɗaya.

Ina godiya ga Allah da ya kai ni ya dawo da ni, ga Lawali da abokan ɗakinsa, da Malam Garba. Ƙanwata ta ɗauki takardun biyu ta ce a nema musu fata mai kyau. Inna ta karɓe abinta.

"Duk wanda ya kira mini baduku, ban yafe ba," in ji ta. "A sa su a gilashi, kowa ya karanta."